Babi na Shida: Dashen Manhaja Mai Kiyaye Wa'adi a Kan Ƙaramin Allo

Duk wanda ya taɓa riƙe 'yar kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi a tafin hannunsa, ya ga ba ta fi katin banki girma ba, aka kuma gaya masa cewa dukan manhajarta a cikin katin memori take zaune, galibi tambayar da takan fara fitowa daga bakinsa ita ce: to, tun da haka ne, me zai hana mutum ya kwafo kowace manhajar gudanarwa ya ga dama, ya zuba a katin, ya soka, ya kunna? Wasu kuma sukan ƙara da cewa ai ga Linux nan an riga an shirya mata, kyauta, yana aiki lafiya lau, wace lalura ce za ta sa mutum ya wahalar da kansa wajen kawo wata? Tambayoyi ne masu hujja duka biyun, amma da ta biyun za mu fara, domin sai an san dalilin aikin sannan bayanin yadda ake yin sa zai yi ma'ana.

Sauri daban, cika wa'adi daban

Linux da Windows da ire-irensu an gina su ne bisa adalci tsakanin ayyuka masu yawa, kowane aiki ya sami rabonsa na lokaci, a kuma gama mafi yawan abin da za a iya gamawa cikin awa guda. Idan mai rubutu ya taɓa harafi, ya ɗan jinkirta kafin ya bayyana, babu wanda ya cutu. Amma akwai na'urorin da jinkiri a gare su daidai yake da kuskure: jakar iskar mota wadda dole ta kumbura kafin ƙirjin direba ya isa sitiyari, da injin da ke auna wa majinyaci iska, da hannun ƙarfe a masana'anta wanda in bai tsaya a inda aka ce ya tsaya ba zai ragargaje abin da ke gabansa. Ga irin waɗannan, amsar da ta zo daidai amma ta zo a makare, hukuncinta hukuncin amsar da ba ta zo ba.

Malaman fiƙihu sun riga sun koya mana wannan rabe-rabe, ko da yake ba don a daidaita ibada da aikin ƙarfe muke kawo shi ba, sai don kusantar da fahimta. Kowace salla tana da lokacin zaɓi, tana da lokacin lalura, kuma wanda duka biyun suka kuɓuce masa yana da ramuwa. Amma tsayuwar Arfa, wanda alfijirin ranar layya ya keto masa bai tsaya ba, to hajjin wannan shekara ya wuce shi, komai saurin da ya yi a hanya. Haka ayyukan na'ura suka kasu. Akwai waɗanda jinkirinsu makaruhi ne kawai, kamar hoton bidiyo da ya ɗan tsaya ya ci gaba, akwai kuma waɗanda ba su da ramuwa. Manhajar gudanarwa mai kiyaye wa'adi don kashi na biyu aka yi ta, kuma abin da take alkawartawa shi ne cewa aikin da ya fi kowanne daraja zai karɓi firosesa cikin wani lokaci sananne wanda ba zai wuce haddi ba, ko da sauran ayyuka duka za su kwana suna jira.

Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. Akwai VxWorks ta kamfanin Wind River, wadda ta tafi duniyar Mars. Akwai RTEMS, wadda aka fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1980 domin sojan Amurka, daga baya ta zama ta kowa, ta kuma shiga taurarin ɗan'adam da dama. Akwai FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fitar a 2003, kamfanin Amazon ya karɓi riƙonta a 2017, ita ce kuma za mu riƙa misali da ita, saboda ƙanƙantarta ta kai mutum ɗaya zai iya karance cibiyarta duka, wadda ba ta wuce fayil uku ba.

Abin da ake nufi da dashe

Cibiyar manhajar ta san yadda ake jera ayyuka bisa darajarsu, da yadda ake aika saƙo daga wannan zuwa wancan, da yadda ake sa aiki barci a tashe shi. Duk wannan an rubuta shi da harshen C, kuma bai damu da kan wane allo yake ba. Abin da ba ta sani ba shi ne inda agogon allon yake, da adireshin da za a rubuta wa don a kunna fitila, da yadda wannan firosesa takan yi idan aka katse ta tana tsakiyar aiki. Kowane kamfani yana da nasa tsari, har ƙwayoyi biyu masu firosesa iri ɗaya sukan saɓa wa juna a waɗannan wurare. Dashe shi ne rubuta wannan siririn sashe da ke tsakanin cibiya da ƙarfe. A yawan layuka kaɗan ne ƙwarai in an gwada da sauran manhajar, amma a nan wahalar duka ta taru, domin wuri ne da kuskure ba ya magana: allon yakan yi shiru kawai.

Kafin a fara, sai an tanadi manhajar tarjama wadda ke aiki a babbar kwamfuta amma tana fitar da umarnin da firosesar ARM ke ganewa, sannan a rubuta wata 'yar takarda da ke gaya mata a wane adireshi na memori za a ajiye kowane sashe. Wannan mas'ala ce mai sauƙi, ba za mu tsaya a kanta ba.

Wa ke fara farkawa?

An fara sayar da Raspberry Pi ran 29 ga Fabrairu, 2012, a kan dala 35, bayan aikin da Eben Upton da abokansa suka yi a Kembirij ta Ingila da nufin samar wa yara abin koyon kwamfuta mai araha. A zuciyar allon akwai ƙwaya guda ta kamfanin Broadcom mai lamba BCM2835, kuma a cikinta masu aiki biyu ne: firosesar ARM mai gudun megahaz 700, da sashen sarrafa hotuna mai suna VideoCore. Abin da zai ba mai dashe mamaki tun ranar farko shi ne cewa idan aka ba allon wuta, ARM ba ita ke fara tashi ba. Sashen hotuna ne ke farkawa, ya buɗe katin memori, ya karanta fayil mai suna bootcode.bin, wanda zai kunna babbar memori, sannan ya ɗauko start.elf, ya duba abin da aka rubuta a config.txt, ya ɗora fayil ɗin kernel.img a adireshi 0x8000, bayan duk wannan ne zai saki ARM ta fara aiki daga wannan adireshi.

Wannan tsari yana da rangwame, yana kuma da illa. Rangwamensa, an ɗauke wa mai dashe aiki mafi wuya, wato kunna memori da daidaita agogunan ƙwaya. Abin da ke kansa kawai ya sa wa manhajarsa suna kernel.img ya ajiye a katin. Illarsa kuwa, waɗancan fayiloli biyu rufaffu ne, ba a bayyana abin da ke cikinsu ba, kuma sashen hotuna ba ya komawa barci bayan ya gama, yana nan yana aiki a gefe, yana tarayya da ARM a memori guda. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu komo gare ta.

Umarnin farko da ARM za ta tarar dole a rubuta su da harshen firosesar kanta, domin a wannan lokaci C ba ta da wurin tsayawa. Sai an nuna mata inda tulin ajiyarta zai fara, an share sashen memori da ya kamata ya fara da sifiri, an kuma kafa jadawalin ƙofofi takwas da firosesa ke rugawa gare su idan wani abu ya auku, sannan a yi tsalle zuwa cikin C.

Fitila ɗaya, sannan murya

A nan mai dashe ba shi da allon kallo, ba shi da madannai, ba shi da wata hanyar sanin ko umarninsa na farko ma ya gudana. Shi ya sa kusan duk wanda ya yi wannan aiki da fitila yake farawa, har darussan da Alex Chadwick ya shirya a Jami'ar Kembirij, masu suna Baking Pi, da kunna fitila suka buɗe. A allon farko akwai wata 'yar koriyar fitila da aka haɗa da ƙafa ta 16, kuma don a kunna ta sai a rubuta lamba a wani adireshi a ce wannan ƙafa ta fitarwa ce, sannan a rubuta a wani adireshin a sauke wutar ƙafar, domin an ɗaura fitilar ne a juye, tana kamawa idan ƙafar ta sauka. Mutum zai cire katin, ya soka a babbar kwamfuta, ya kwafa, ya mayar, ya ba da wuta, ya zuba wa wannan ɗigon ido. In bai kama ba, ya sake zagayowa, ba tare da an gaya masa ko a layi na biyu ya yi kuskure ko a na hamsin ba.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kama mutane da yawa. Littafin bayanin da Broadcom ta fitar yana ba da adireshin kayan allon da lambobi masu farawa da 0x7E, alhali kuwa ita ARM a 0x20000000 take ganinsu. Wanda ya yi taƙlidi ga littafin, ya kwafi lambar yadda ya gan ta, zai yi ta rubutu a inda babu kowa. Kuma da aka fitar da allo na biyu a 2015 sai tushen ya koma 0x3F000000, a na huɗu kuma ya sake komawa 0xFE000000, saboda haka dashen da ya yi aiki a allon bara ba lalle ne ya motsa a na bana ba, ko da sunansu ɗaya.

Da fitila ta kama, sai a nemi murya. Ƙafafu na 14 da 15 suna iya zama hanyar aika haruffa ɗaya bayan ɗaya ta siririyar waya zuwa babbar kwamfuta, galibi a gudun bit 115200 a sakan. Sharaɗi ne wayar aikawa ta wannan gefe ta shiga ta karɓa ta wancan, kuma kada wutar ta wuce bolt 3.3, domin bolt 5 yana iya ƙone ƙafar. Ranar da kalmar farko ta bayyana a gilashin babbar kwamfuta, aikin ya sauya kama, domin daga nan allon yana iya faɗin inda ya kai da abin da ya gani.

Bugun agogo

Manhajar da aka yi don kiyaye wa'adi ba ta da amfani sai da agogo. A cikin BCM2835 akwai wani maƙirgi da ke ƙaruwa sau miliyan a kowane sakan, ba ya tsayawa, tare da gurabe huɗu inda ake rubuta lamba a ce idan ƙirga ta iso nan a katse firosesa. Biyu daga cikinsu sashen hotuna ya riga ya riƙe, na 1 da na 3 ne suka rage. Idan ana son bugu dubu a sakan, kamar yadda aka saba, sai a sa gurbin ya wuce ƙirgar yanzu da 1000. Idan ya buga, a share alamarsa, a sake ɗaura shi, a sanar da cibiya cewa milisakan ɗaya ya shige.

Ko a wannan ɗan aiki akwai daƙiƙar mas'ala da ta cancanci a tsaya mata. Wajen sake ɗaurawa, a kan wace lamba za a ƙara 1000 ɗin, a kan ƙirgar da ake gani yanzu ko a kan wa'adin da ya gabata? Wanda ya ƙara a kan ta yanzu ya manta cewa tsakanin bugun da isowarsa wurin an ɓata ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokaci zai riƙa taruwa. A ƙaddara mikrosakan 5 ne kacal a kowane bugu: a sakan ɗaya ya zama milisakan 5, a yini da kwana ya haura minti bakwai. Wanda ya ƙara a kan wa'adin da ya gabata kuwa, ko ya makara a bugu ɗaya, na gaba zai zo a kan lokacinsa.

Musayar aiki

Wannan shi ne rukuni mafi girma a dashe duka. Firosesa ɗaya ce, ayyuka kuwa da yawa, kuma kowane aiki yana gudana ne kamar shi kaɗai ne a duniya. Duk abin da aiki yake riƙe da shi a wannan ƙiftawa yana cikin rajista 16 na ARM, da wata guda mai ajiye halin da firosesa ke ciki. Idan agogo ya buga, cibiya ta ga cewa wani aiki mai daraja ya farka, wajibi ne a kwashe waɗannan rajista gaba ɗaya a jibge su a tulin aikin da aka katse, a rubuta inda tulin ya tsaya, a juya ga tulin sabon aikin, a kwaso nasa a mayar da su gurabensu, sannan a saki firosesa ta ci gaba daga daidai umarnin da shi wancan ya tsaya a kai tun da farko. In an yi daidai, babu aikin da zai san an taɓa ɗauke shi.

To, aikin da bai taɓa gudana ba fa, daga ina za a kwaso nasa? Dabarar da ake yi tana da daɗin ji: tun lokacin da aka ƙirƙire shi ake shirya masa tuli na ƙarya, a jera lambobi kamar dai an katse shi ne yana gab da umarninsa na farko. A wasu dashe-dashen FreeRTOS na ARM har akan cika rajista mai lamba 1 da 0x01010101, mai lamba 2 da 0x02020202, haka dai a jere, domin idan abu ya lalace aka leƙa, a gane nan take wace ce ta zauna a gurbin wata.

Kurakuran wannan wuri ba su da tausayi. ARM idan aka katse ta, adireshin komawa da take ajiyewa ya zarce na gaskiya da 4, kuma wanda ya manta ya rage zai riƙa tsallake umarni ɗaya a kowace katsewa. Wanda ya manta da rajistar lissafin ɓangare kuwa, na'urarsa za ta yi aiki sumul har ranar da ayyuka biyu suka yi irin wannan lissafi a lokaci guda, sai amsar ɗaya ta faɗa cikin ta ɗayan. Irin wannan aibi yana iya ɓuya mako guda sannan ya bayyana sau ɗaya. Shi ya sa ake rubuta wasu ayyuka na jarrabawa waɗanda ba su da sana'a sai cika rajista da lambobi sanannu, su yi ta dubawa dare da rana ko wata ta sauya.

Shahada sai da awo

Idan ayyuka biyu suna musaya, fitila tana ƙiftawa, haruffa suna fita, mai dashe yakan ji kamar ya gama. Haƙiƙa abin da ya tabbatar kawai shi ne manhajar tana gudana. Ko tana cika wa'adi, wannan da'awa ce da ke bukatar shaida. Hanyar da aka saba ita ce a aika wa wata ƙafa sigina daga waje, a sa aikin da ya farka ya ɗaga wata ƙafar, a ɗaura na'urar awon sigina mai suna osiloskof a kan duka biyun, a auna tazarar da ke tsakani, a bar shi yana aunawa sa'o'i masu yawa alhali an ɗora wa allon duk nauyin da zai iya ɗauka. Kuma lambar da ake nema ita ce mafi munin jinkirin da aka taɓa gani, domin matsakaici ba ya ceton kowa.

A nan ne halin Raspberry Pi yake fitowa fili. Saurin ARM ya dogara ga wata 'yar ma'ajiya ta kusa da ke riƙe abin da aka yi amfani da shi kwanan nan. Idan abin da ake nema yana ciki, nan da nan ne, idan ba ya ciki sai an je babbar memori, inda mai yiwuwa a tarar sashen hotuna ya riga ya shiga layi. Umarni iri ɗaya ke nan yana iya ɗaukar lokaci daban-daban, kuma ɗaya daga cikin masu jawo bambancin yana gudanar da manhajar da mai dashe ba shi da ikon karantawa. Ga kuma wata wahalar: a allon farko, ramin wayar intanet ba a haɗe yake da ƙwayar kai tsaye ba, ta bayan USB yake, saboda haka wanda yake son na'urarsa ta yi magana da wata sai ya fara rubuta direban USB cikakke, aikin da ya ninka dashen kansa sau da yawa.

Ko bayan dashe ya inganta, tsarin ayyukan yana iya kawo cikas. Kumbon Pathfinder ya sauka a Mars ran 4 ga Yuli, 1997, yana ɗauke da VxWorks, kuma ba a jima ba kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana sake tashi. Da injiniyoyi suka bi diddigi a kan irinta da ke ƙasa, sai suka tarar wani ƙaramin aiki na auna yanayi yana riƙe da makullin da babban aiki ke jira, ayyuka masu matsakaiciyar daraja kuma sun hana ƙaramin samun lokacin da zai gama ya saki, har agogon tsaro ya ga wa'adi ya wuce ya sake tayar da komai. Maganin shi ne a ara wa mai riƙe da makulli darajar wanda ke jiransa har ya saki, kuma daga nan duniya aka aika gyaran.

To, ya cancanci a yi?

A ganina, ga mai neman ilmi ya cancanta ƙwarai, domin babu wata hanya da ke nuna wa ɗalibi abin da ke faruwa tsakanin ba da wuta da gudanar aiki na farko kamar wannan, kuma allon yana da araha, ba ya lalacewa don an rubuta masa manhaja marar kyau, sai dai a cire kati a sake. RTEMS ma tana da shiryayyen dashe na Raspberry Pi, wanda mai koyo zai iya ajiyewa a gefe yana gwada nasa da shi. Amma ga wanda zai ƙera na'urar da rai ko dukiya za su rataya a kanta, ban ga hikimar ɗora wa'adi mai tsanani a kan ƙwayar da rabinta a rufe yake ba. In wa'adin mai sassauci ne, Linux kansa ya matso: gyare-gyaren kiyaye wa'adi masu suna PREEMPT_RT, bayan kusan shekara ashirin ana aikinsu a gefe, sun shiga cibiyarsa a 2024. In kuwa mai tsanani ne, masu ƙira da yawa sukan raba aikin biyu, su bar wa babban allo hotuna da intanet, su miƙa kiyaye lokaci ga wata ƙaramar ƙwaya marar sauri wadda ake iya lissafa kowane motsinta.

Masu Raspberry Pi da kansu sun fitar da irin wannan a watan Janairun 2021, mai suna Pico, a kan dala 4, da firosesa biyu da memori kilobait 264 kacal. A babi na gaba a kanta za mu ɗora FreeRTOS, mu rubuta ayyuka uku masu daraja daban-daban, mu haddasa irin cikas ɗin Pathfinder da gangan don mu ga yadda ake warware shi. Mai karatu ya tanadi allon, da wayar USB, da 'yan fitilu uku masu launi daban.